Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Aka Ɗinka wa Riga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da duban baƙin allo, iyalan gidan tela suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da masu zuwa a buga musu takarda su tafi ba godiya, rasuwar kwamfutarsu, wadda babba da yaro suka sani da Gwaggo. Ta cika da hantsi, a kan teburinta na kusurwar falo, sanye da sabuwar riga.

Ba wanda ya san shekarunta, domin da tsufanta ta zo gidan. Ƙanen uwar gida ne ya ɗauko ta daga ofishinsu ranar da za a zubar da ita, ya dire ta ya ce, "Yaya, tunda kin gama ajin manya, ga abokiyar karatu. Ita ma ba ta san sauri ba." Uwar gida, wadda maigidan ke kira Ɗaliba tun ranar da ta rataya jaka da furfura a kanta, ta ɗauko tsumma. Ta share wa Gwaggo fuska.

Marigayiyar mai natsuwa ce. In aka danna mata maɓalli, sai ta yi "tiiit", ta yi gyaran murya, ta ja dogon nishi, sannan ta shiga tunani. Kafin ta buɗe ido, mutum zai iya ɗora ruwa ya sauke. Amma ba ta taɓa yi wa Ɗaliba dariya ba, ko a kwanakin da take neman harafi ɗaya da yatsa biyu kamar mai tsintar tsakuwa a cikin hatsi. Ba ta kai maganar gida waje ba. Ba ta da kwaɗayin wuta, muddin an tuna an kashe ta.

Babbar amanar da ta riƙe ita ce muryar Inna, mahaifiyar uwar gida. A jinyarta ta ƙarshe, jikarta ma'aikaciyar asibiti, wadda ake kira Nas, ta riƙa ɗaukar hirarta a waya, ta juye wa Gwaggo. Daga baya wayar ta faɗa a bokiti, ya zama duk duniya babu inda Inna ke magana sai a cikin Gwaggo. Kullum in ta gama aiki, Ɗaliba takan zauna ta saurari kaɗan, ta rubuta abin da ta ji, ta tsayar. Da gangan take yi. Ba ta so hirar ta ƙare.

Nas ta sha cewa, "Mama, abu mai daraja ba a ajiye shi wuri ɗaya. A juye a filash." An sayo filash ɗin, ɗan ƙaramin abin nan na ajiyar bayanai. Tela ya karɓa ya adana shi a gwangwanin maɓallai, cikin ledarsa, don kada ya lalace. Iyalan suna shaida cewa har ranar rasuwar bai lalace ba.

Gwaggo ta rasu ta bar allo guda mai tabo a gefen hagu, da kibod wanda harafin "a" ɗinsa ya goge saboda hidima, da maus mai ɗingishi, da firinta wadda dama ba su cika jituwa ba. Ta kuma bar kyanwar gidan, wadda ta fi kowa sanin ɗuminta.

Game da ciwon ajalinta, iyalan ba su zargin kowa. Abin da ya faru kawai za su faɗa.

Ƙofar shagon tela a cikin falo take, kuma burbushin yadi ba ya neman izini kafin ya shigo. Tela ya ga matarsa kullum tana goge Gwaggo, tana hura mata ƙananan ramukan nan na gefe da na baya, sai tausayi ya kama shi. Wata safiya ya fito da tef a wuya da alli a kunne, ya auna ta tsawo da faɗi, yana cewa, "Tsaya daidai, Gwaggo." Ya yanko karan-miski ruwan goro, ya sa masa shafi, ya cusa soso a tsakani, ya kafa zif a baya, ya yi aiki a ƙirji. Ya bar ƙofar wayoyi da ta maɓalli. Ramukan kuwa ya rufe su ruf, domin a cewarsa ta nan cutar ke shiga.

Ɗaliba ta dubi rigar, ta dubi ramukan da babu su, ta dubi fuskar mijinta. Yadinta na nan a shagonsa ya daɗe yana jiran layi, amma ga shi ya ajiye aikin mutane ya yi wannan saboda ita. Ta ce, "Ta yi kyau, Malam." Ta yi niyyar tuɓe ta in ya fita. Sai dai tela ba ya fita, kuma duk baƙon da ya shigo sai an kai shi ya ga ɗinkin.

A kwanakin ne kuma ya kawo shawarar a daina kashe ta. "Kin ga wuyar da take sha kafin ta tashi," in ji shi. "Gara a bar ta a farke." Aka bar ta a farke, tana shan wuta ba aikin fari, tana turara kanta a cikin soso.

Nishinta ya koma gurnani. Fankar cikinta ta riƙa "wuuu, wuuu" kamar mai kiran taimako daga cikin rijiya. Tela ya dafa ta ya ce ɗumin lafiya ne. Kyanwa ta tare a kanta gaba ɗaya.

Ran da abin zai faru, Ɗaliba na zaune tana sauraro, keken ɗinki na ta ƙara a shago. Inna ta gama labarin wata maƙwabciyarta, ta yi tari, sai ta ce, "Shi kuwa telan nan naki…" Keken ya tsaya cak. Gwaggo ta yi "ƙit". Allo ya yi baƙi, wani wari kamar na ƙonannen roba ya tashi, kyanwa ta dira ta bar ɗakin.

Iyalan na sane da maganar da ke yawo a layi, cewa wai tela ya san abin da surukarsa za ta faɗa, shi ya sa ya riga ta. Wannan ƙazafi ne. Mutumin da ya kasa cin abinci, ya ɗinka wa wani wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ba shi da alhakin komai sai ƙauna.

Shi ya rungume ta har shagon mai gyara, Ɗaliba na biye da wayoyi a leda. Mai gyara ya juya ta, ya lalubi zif, ya ce, "Baba, wa ya yi mata wannan?"

"Ni ne. Duba cikin ma, ba za ka ga zare ba."

"Na gani. To, ta ina take numfashi?"

Ɗaliba ta ce, "Ɗana, bar rigar. Uwata na ciki."

Mai gyara ya daina murmushi. Ya kwance ta, ya tabbatar cewa Gwaggo ta riga mu, zafi ya cinye ta. Sannan ya zaro wani ɗan ƙarfe kamar sabulun wanki, ya ce nan ne ma'ajiyarta, wani lokaci kwamfuta kan tafi ta bar wannan da rai. Ya jona shi a tasa kwamfutar. Ƙarfen ya yi shiru, ya yi "kar-kar", ya sake yin shiru. Tela ya nannaɗe tef a yatsa har yatsan ya yi fari. Ɗaliba ta zauna a kan wani mataccen talabijin, ta haɗa hannuwa, ta jira. Jira dai ta iya shi.

Sai ga tarin Inna ya cika shagon.

"Shi kuwa telan nan naki, ki riƙe shi da kyau. Rigar da ya ɗinka min lokacin da yake neman ki, wuyan ya shaƙe ni, in na sa ta da ƙyar nake haɗiyar yawu. Na sa ta har ta mutu, ban taɓa gaya masa ba. Ke ma kada ki gaya masa. Da zuciya ɗaya yake yi."

Mai gyara ya sunkuya yana neman wani abin da bai faɗi ƙasa ba. Tela ya share ido da gefen tef, ya ce, "A ɗan maido baya."

Ga yadda aka tsara rakiyar marigayiyar. Ba za a yi mata wanka ba, domin ba ta taɓa shiri da ruwa ba. Ba za a binne ta ba, kada gubar cikinta ta bi ƙasa ta shiga ruwan mutane. Ba za a jefa ta a bola ba. Mai sayen tsoffin ƙarafa, wanda ya zo gaisuwa tun kafin a sanar, ya yi tayin ƙona wayoyinta ya ciri jan ƙarfe, an gode masa, an ce ya bar wa unguwa iskarta. Sassan jikinta masu sauran amfani an bar wa mai gyara ya raya wasu da su. Gangar jikin kuma za a kai ta wurin masu karɓar matattun kayan lantarki gobe da safe, daga ƙofar shago, ba riga. Rigar an ba kyanwa gado.

Muryar Inna yanzu tana wuri uku, ciki har da filash ɗin da aka fitar daga ledarsa. Ɗaliba za ta ci gaba da sauraro kaɗan-kaɗan, kamar yadda ta saba.

Ana karɓar gaisuwa a falo. Ana roƙon masu zuwa su kashe nasu na'urorin, su zare su daga soket, su leƙa ko ramukansu na shan iska, kafin su fito. Ana kuma roƙon duk wanda ya ga tela ya nufi firinta da tef a wuya, ya ja shi da hira har Ɗaliba ta ƙaraso da yadinta.