Mai Rakiyar Alhaji Mahamudu

Duk wanda ya lissafa manyan da Allah Ya azurta Bronx da su ya tsallake Alhaji Mahamudu, to ya ci amanar tarihi. A idon hukuma direban tasi ne, amma a wurinmu shi ne Garkuwan Zumunta na Amurka da Kewaye. Shi ya naɗa wa kansa sarautar, don ya duba gabas da yamma bai ga wanda ya isa ya naɗa shi ba. Yaran zamani kuwa, da ba su san darajar manya ba, Rediyo Bronx suke ce masa.

Mu ɗari huɗu da goma sha biyu ne a zaurenmu na WhatsApp, kuma kowace safiya Alhaji yakan karya mana kumallo da saƙon murya na minti goma sha bakwai. Daga cikin mota yake yi, ana ta danna masa hon a baya.

"Jama'a, Turai ta faɗi, Amurka ta bi ta! Jiya na ɗauko wani tsoho daga asibiti, shi kaɗai, ba ɗa ba jika. Mutumin da ba shi da mutum, me ya rage masa? Mu kuwa, ko ciwon kai ka yi, sai ka kori 'yan dubiya da sanda."

Mukan tura masa hoton tafi. Masu haƙurin cikinmu har sukan saurari minti na farko.

Ana nan sai yanar ido ta fara rufe wa Garkuwa idon dama, fitilun titi suka koma biyu-biyu. Direban da ba ya ganin hanya kuwa, ya san abincinsa ya kusa yankewa. Wata huɗu ya yi yana jira kafin asibitin ido ya ba shi rana: Talata, ƙarfe biyu. Sharaɗi ɗaya ne, sai ya zo da babban mutum da zai sa hannu ya raka shi gida. In babu, ba za a taɓa idon ba.

Alhaji ya yi dariya har da hawaye a ido mai lafiyar. "Ka ji talauci! A ƙasar nan sai an rubuta wa mutum a takarda ya zo da ɗan'uwansa." A gurbin sunan mai rakiya ya rubuta: Al'ummar Hausawa.

Matarsa Adjara, wadda ke kula da wata tsohuwa a Queens, ta ce za ta nemi a canje ta ranar. Ya hana. 'Yarsa Najat ta bugo daga makaranta a Buffalo, ta zuba Turancinta, wai za ta hau bas ta zo.

"Zauna ki yi karatunki," in ji shi. "Ni damuwata ita ce inda za su ajiye motoci."

Ya sanar a zaure, amsa ta yi ta zuba: in sha Allahu, in sha Allahu. To mu in sha Allahunmu iri biyu ce. Akwai ta mai zuwa, akwai ta wanda ke maka fatan alheri daga nesa. Alhaji da kansa ya shekara ashirin yana kauce wa bukin suna a Staten Island da ta biyun, amma da aka juyo masa da ita, sai ya ji ta farko.

Ranar Talata ya ci babbar riga, ya sha turare, ya zauna a ɗakin jira yana fuskantar ƙofa. Ɗaya da rabi matar da ke karɓar takardu ta tambaye shi ina mai rakiyar. Ya ce suna hanya, ya danna mata "su" ɗin sosai don ta ƙaru.

Biyu saura kwata ya kira Yussif, abokin tasinsa.

"Wallahi Alhaji ina filin jirgi da fasinja. Ai na ɗauka Abdul-Hanan ne zai je."

Ya kira Abdul-Hanan.

"Ranka ya daɗe, double shift nake, aikin safe da na dare, supervisor ɗin nan, shugabarmu, ba ta da imani. Amma na tura addu'a, ba ka gani ba?"

Ya gani. Addu'a sittin da uku ce a zaure, kowacce ta fi 'yar'uwarta tsawo, ba kuwa wadda ke iya riƙe biro. A nan tsoro na gaske ya kama Alhaji. Ya tuna wata huɗun da ya jira, ya tuna motar, ya ji rigar ta yi masa nauyi. Matar ta ce biyu da minti goma za ta kira na bayansa.

Kusa da shi akwai wani tsohon Bature da gajeren wando da safa har gwiwa, ya kawo matarsa aikin ido. Ya ce shi dama jira yake, in Alhaji ba zai damu ba, zai sa masa hannu. Alhaji ya dubi ƙafafun nan, ya dubi agogo, ya ga lallai bai damu ba.

Haka Garkuwan Zumunta ya fito da ido a liƙe, hannunsa a kafaɗar mai gajeren wando. Tsohon ya sa shi a mota tare da tasa matar, ya kai shi har gida a titin Grand Concourse, ya hau da shi hawa na huɗu, ya tabbatar ya zauna, sannan ya tafi. Alhaji bai tambayi sunansa ba.

Laraba Rediyo Bronx bai buɗe tasha ba. Kunya ta ishe mu, kowa yana jiran Alhaji ya wanke shi tas. Sai Alhamis saƙo ya iso.

"Jama'a, na yi nazari mai zurfi. Na lura da yadda mutumin nan ya riƙe ni, na lura da kawaicinsa. Bature ba zai yi haka ba. Idan aka bi salsalarsa, wallahi jininmu ne!"

Hankalin kowa ya kwanta, muka ce ƙwarai kuwa, mu ma abin da muka zarga ke nan. Yussif ne ya rufe mana zancen: "Alhamdu lillahi. Ashe dai namu ne ya je."