Ranar da Na Yabi Ɗakin Amarya a Fam ɗin Inna Dije

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin turaren wutar nan ba. Har yau idan na shaƙi irinsa a gidan biki, sai kunyar ranar ta dawo mini sabuwa fil.

Lokacin watana biyu da kama aiki a wani ofishin gwamnati a Malumfashi. An ɓullo da shirin ba mutanen karkara rancen gyaran gida, sharuɗɗan kuwa a fili suke: gidan ya zama naka, kana da sana'ar da za ka riƙa biya a hankali, kuma a je a gani da ido cewa muhallinka yana neman agaji. Mai lafiyayyen gida ba ya ciki. Ni aka tura wani ƙauye gaba da Dayi in duba gidan wata dattijuwa mai ƙuli-ƙuli, Inna Dije, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gidan.

Damina ta yi nisa. A bayan babur na saki baki ina kallon ikon Allah: masara ta yi goyo, dawa ta fi mutum tsayi, kore iya ganin ido, ga hadari yana haɗuwa a gabas. (Har na fara haɗa baitoci a zuciya, halin da ya sha jawo mini faɗan malamai tun ina sakandare.)

Inna Dije ta tare ni a ƙofar gida tana "Lale marhabin da mutanen birni!" Ta kama hannuna, muka bi ta wata 'yar ƙofa a jikin danga, ta ɗaga wani labule. Subhanallah! Bango shuɗi, daɓen siminti har sheƙi yake, rufin kwano sabo, kwanuka an jere su tun daga ƙasa har sama, ga turare yana tashi a kasko. Ta zaunar da ni a bakin gado, ta kawo fura da ƙuli-ƙuli mai ɗumi.

Na ce, "Inna, wannan ɗaki ya yi kyau!"

Ta ce, "Kyawun idonki ne, 'yar nan. Sha fura."

Ni mai digiri, ban tambayi kaina me tsohuwa take yi da jeren amarya ba. Na cike fam: rufi kwano, bango lafiya lau, ƙasa siminti. Da na iso gurbin ƙarin bayani sai aljanun waƙa suka tashi. Na rubuta: "Wannan ɗaki kamar farin wata ne ya sauko ya kwana a ƙauye."

Ranar tantancewa aka taru a ofis, masu neman rance a kan benci, mai unguwar ƙauyen a kujerar gaba. Shugabanmu Malam Iro ya ɗauko fam ɗin Inna Dije, ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi, har da farin watan. Sannan ya ce, "Ai wannan baiwar Allah ta fi ni gida. Ba ta cancanta ba."

Mai unguwa ya juyo ya dube ni. "'Yata, ɗakin nan shuɗi ne?"

"Shuɗi ne, ranka ya daɗe."

"Akwai agogo mai hoton ɗawisu a bango?"

"Akwai."

"To ɗakin matar ɗana ne, watanta uku da tarewa. Danga ɗaya ce tsakaninsu da Dije. A garinmu duk baƙon kirki ɗakin sabuwar amarya ake kai shi."

Ofis ya kaure da dariya. Wata mata a benci ta ce, "To a ba amarya rancen mana, ta ƙara wa wata haske!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna Dije kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, sai a lokacin na gane alƙalamina yana shirin hana ta rufin ɗaki.

Malam Iro ya ce in koma washegari. Wannan karon ban bi ta danga ba. Ɗakinta na ƙasa ne, azara biyu sun karye, an tare saman da buhunan taki da aka ɗinke, ga roba da tukunya a inda ruwa ke ɗiga. Amma an share shi tas, tabarmar salla a naɗe, irin masara a rataye kamar ado. Wallahi ko baiti ɗaya bai zo mini ba, kuma ban taɓa shiga ɗakin da ya cika mini ido haka ba.

Na gyara fam, ta samu rancen. Tun daga ranar, duk gidan da aka tura ni, kafin in yabi labule sai na tambaya, "Inna, a ina kike kwana?"

Na daɗe ina zaton Inna Dije ba ta fahimci abin da ya kawo ni ba ne. Sai bayan shekara biyu na haɗu da amaryar nan a kasuwar Dayi, da goyo a bayanta, ta faɗa mini gaskiya. Ashe Inna Dije ta sani sarai. Da safen ranar maƙwabta sun yi ta roƙonta ta kai ni nata ɗakin kada ta yi asara, sai ta dubi hadarin gabas ta ce, "Yarinya ta hawo babur tun daga Malumfashi saboda ni. Ni ruwa ya saba dukana. Ita kuwa ba a gidana zai fara dukanta ba."