Nomau da Ƙwaryar Haƙora

A Rafin Kanya an yi wani mutum ana kiransa Nomau, wanda in ka ce ya jira ka a gindin tsamiya, to ko ruwa ake da ƙanƙara a nan za ka same shi gobe. Shi ba rago ba, ba kuma mugu ba, magana ce dai yake ɗaukarta yadda ta fito daga baki, ba ragi ba ƙari. Gidansa mutum uku ne da saniya ɗaya: shi, da matarsa Tasalla, da autarsu Uwani mai shekara tara. Suna zamansu lafiya, tuwo ba ya yankewa, madara kullum akwai. Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya. Tun da ciwon dasashi ya zubar wa Tasalla haƙoran gaba biyu, ta daina dariya a fili, in abin dariya ya zo sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Shi kuwa wannan dariyar ya gani ya aure ta, shekara shida ke nan yana kewarta.

Wata rana wata likitar haƙori daga jami'a, Dakta Safara'u, ta sauka a ɗakin shan magani na garin za ta yi wata uku tana bincike. Ta tara iyaye ta ce a cikin haƙorin da yaro ke zubarwa lokacin famfara akwai wata 'yar tsoka mai laushi, a cikinta akwai ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zaɓi abin da za su zama ba. "Kamar iri suke," in ji ta. "Muna renonsu a ɗakin bincike, muna fatan wata rana su gyara dasashi da ƙashin da ke riƙe haƙori, ƙila ma su fitar da sabo." Nomau bai tsaya jin ƙarshen zancen ba. Ya garzaya gida, ya binciko haƙoran Tasalla biyu da ta ƙulle a tsumma a ƙasan akwati, ya binne su kusa da kuɓewa, ya zuba taki, ya kewaye da ƙaya saboda awaki.

"Malam, me ka shuka ne da kake ba shi ruwa safe da yamma?" in ji Tasalla.

"Dariyarki," ya ce.

Ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

A rana ta goma wani abu ya tsiro. Nomau ya je ya tasa likita a gaba har bayan gida. Ta durƙusa ta duba, ta ce, "Malam Nomau, wannan ai kabewa ce."

"Ranki ya daɗe, ba ta yin haƙora in ta girma?"

Likita ta daure ba ta yi dariya ba. Ta gaya masa busasshen haƙori ya mutu, sai ɗanye ke da amfani. Da ta ga mutum ne da ba ya tsallake umarni, sai ta ba shi aiki. "Duk haƙorin da ya fita, ka riƙe shi ta kai, kada ka taɓa jijiyar. Kada ka wanke. Ka tsoma shi a madarar da aka tatsa yanzu, ka kawo mini kafin shayi ya huce." Tun daga ranar ba a ƙara ganin Nomau ba sai da 'yar ƙwarya a hannu, an rufe ta da faifai.

Wata rana ya dawo wurin likita fuska a murtuke. A Rafin Kanya in yaro ya yi famfara, bisa rufin ɗaki ake jefa haƙorin, domin kowa ya san in ƙadangare ya gan shi sabo ba zai fito ba. Yara sun yarda su ba Nomau nasu, amma da sharaɗin ƙadangare ba zai gani ba, shi kuma ya yi musu alkawari.

"Ranki ya daɗe, a can jami'ar taku akwai ƙadangaru?"

"A jikin katanga dai akwai. Ɗakin bincike kuwa ko ƙuda ba ya shiga."

Hankalinsa bai kwanta ba sai da ya yini yana kewaya ɗakin shan magani da tsumagiya yana korar ƙadangaru. Wani jangwalagwada, ƙaton namijin ƙadangare, ya hau kan taga yana gyaɗa kai, Nomau ya ce, "Kun gani ko? Ya amsa laifinsa." Marasa lafiya da ke kan benci suka yi ta dariya har wata tsohuwa ta manta abin da ya kawo ta.

Wata rana ana raɗin suna a ƙofar gidan Sarkin Pawa, Mai Unguwa Barmo ya miƙe zai yi jawabi, sai atishawa ta kufce masa. Haƙoran roba da ya saya a birni, waɗanda ko iyalinsa ba su san na roba ba ne, suka yi tsalle suka dira kan tabarma. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Kafin kowa ya ce a'a, Nomau ya cafke su ta kai, ya tsoma a madara, ya ranta a na kare. Mai Unguwa ya bi shi yana tattare babbar riga, yana ihu, amma ba mai gane abin da yake faɗa.

"Ranki ya daɗe, yau an dace," in ji Nomau yana haki. "Baki guda ne cur!"

Likita ta wanke haƙoran ta mayar wa mai su, ta ba shi haƙuri har sau uku. Sannan ta dubi Nomau ta ce, "Daga yau haƙorin yaro kawai. Kuma ka zo mini da mai haƙorin, in gan shi da idona." Nomau ya maimaita a bakinsa har gida don kada ya zube a hanya.

Wata rana da hantsi Uwani ta ɗauko ruwa, santsi ya kwashe ta, bakinta ya daki gefen turmi. Haƙorin gaba ya fita ɗungurungum da doguwar jijiyarsa. Uwani kuwa ta gama famfarar gaba tun bara waccan, wannan na girma ne, wanda ba ya dawowa. Tasalla ta ɗaga leɓen 'yarta ta ga giɓi daidai inda nata yake, sai ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka. Maƙwabta suka cika gida, wannan ta ce a wanke shi da toka, waccan ta ce a jefa kan rufi ko Allah zai sa a dace.

Nomau ya ratsa su, ya ɗauki haƙorin ta kai. Ya durƙusa gindin saniya ya tatsi madara, ya tsoma shi, ya rufe da faifai, ya saɓa Uwani a kafaɗa.

"Malam, ka ji tsoron Allah!" in ji Tasalla. "Yarinya na zubar da jini, kai ta binciken likita kake yi?"

"Haƙorin yaro ne, ga kuma mai shi," ya ce. "Shayi na hucewa."

Ta bi shi a guje ba ko takalmi, tana faɗa tana kuka. Matan unguwa suka ce yau kam wautar Nomau ta wuce gona da iri.

Likita na buɗe faifai ta ga tsawon jijiyar, sai ta miƙe tsaye. "Yaushe ya fita? An wanke? An taɓa gindin?"

"Yanzu-yanzu. Ba a wanke ba, ba a taɓa ba, ƙadangare ma bai gani ba."

"Wannan ba na bincikena ba ne, na Uwani ne," in ji ta. "Ƙwayoyin da ke jikin jijiyar suna da rai, madara ta riƙe su. Da an goge shi da toka, da shi ke nan." Ta yi wa yarinya allura, ta mayar da haƙorin gurbinsa, ta ɗaure shi da siririyar waya a jikin na kusa da shi. Ta ce mako biyu sai kunu da fura.

Haƙori ya kama. Ranar da likita za ta koma birni, Nomau ya tambaye ta na Tasalla fa. Ta ce, "Bincike bai kai nan ba tukuna, Malam Nomau. Sai nan gaba, in Allah ya yarda." Ya ce ba komai, shi mai jira ne.

Da la'asar Uwani na zaune a tsakar gida tana gatsar gwaiba da haƙoran gaba, sai ga ƙadangare ya leƙo ta kan katanga. Nomau ya yi wuf ya cire hularsa ya kife wa yarinyar a baki, ya ce wa ƙadangaren, "Ka makara, ɗan nema!" Tasalla ta fito daga wurin saniya riƙe da ƙwaryar madara hannu bibbiyu, ba hannun jan mayafi. Ta kece da dariya, giɓi a waje, har madara na zuba a zaninta, ba ta kuma ajiye ƙwaryar ba.

Nomau ya tsaya yana kallonta har ta gama. Sannan ya zagaya bayan gida ya kwashe ƙayar da ya kewaye shukarsa da ita.

"Malam, ka fasa noman haƙoran ne?" in ji Tasalla tana share hawaye.

"Abin da na shuka ai ya fito," ya ce. "Kabewar kuma a yi mana miya."