Ranar da Aka Rufe wa Alhaji Mudi Ƙofa

Ku bari in ba ku labarin Malama Tasalla, shugabar wata makarantar renon yara a Gusau. Sunan shugaba kawai take amsawa, amma ko tsintsiya za a canja sai ta bugo wa mai makarantar, Alhaji Mudi dillalin motoci. Yaro ya ciji ɗan'uwansa, waya. Akuya ta shigo aji, waya. Rannan yana tsakiyar ciniki ta kira shi ta ji ko shuɗin fenti za a shafa wa lilo ko kore. Alhaji ya ga abin ya ishe shi, ya tura ta bitar shugabannin makarantu ta kwana uku a Kaduna, ya ce, "Malama, don girman Allah ki je su koya miki yanke hukunci. Ki riƙe makarantar nan da hannu biyu, ki bar kunnena ya huta."

Ai kuwa Tasalla ta dawo kamar an canja mata batir. Tafiyarta ma ta sauya, har wani ƙwas-ƙwas takalminta yake yi. Cikin mako guda ta juya kujeru, ta raba wa malamai aiki, ta sa aka shafa wa lilo ruwan ɗorawa ba ta tambayi kowa ba. Sannan ta kafa doka: daga sha biyu zuwa ƙarfe ɗaya lokacin barcin yara ne, ƙofa a rufe, ba shiga ba fita. Ta ce wa maigadi, "Baba Sallau, ko wane ne ya zo, ya jira."

"Ko wane ne, Malama?"

"Ko wane ne!" Ita kanta sai da ta ji daɗin yadda maganar ta fito.

Ranar Laraba, sha biyu da kwata, yara arba'in da biyu sun baje a tabarmi, an sha fama kafin a samu na ƙarshen ya rufe ido. Sai ga Alhaji Mudi da abokansa biyu daga Legas, ya kawo su su ga makarantarsa. Baba Sallau ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, ya yi ƙasa da murya.

"Yallaɓai, a yi haƙuri, Malama ta ce a jira. Ana barci."

"Wa zai jira? Ni?"

Abokan suka fara ƙunshe dariya. Alhaji ya ɗora hannu a kan ham ɗin motarsa ya danna, ya ƙi ɗagawa.

Tasalla na ofis ta ji wata yarinya ta tsala ihu. Na kusa da ita ya karɓa. Kafin ka ce me, duk arba'in da biyun sun haɗa baki, wani na kiran Mama, wani na neman takalminsa, wata ma ba ta san dalili ba, taya su kawai take yi. Malama ta sunkuci wani ɗan lukuti ta fito, a ranta tana cewa shi ke nan, yau aiki ya ƙare. Amma ta dake, ta sa aka buɗe.

Alhaji ya shigo yana baza babbar riga.

"Tasalla! Ni za a tsayar a waje kamar mai tallan gyaɗa?"

"Ranka ya daɗe, dokar barci ce. Na aiko maka da ita a rubuce."

"Doka? A gidana? Kin manta makarantar wa ce? To bari in tuna miki a gaban baƙi. Ginin nan nawa ne! Kujerun nan nawa ne! Duk abin da ke cikin makarantar nan, babba da ƙarami, nawa ne!"

Tasalla ta waiga ta dubi rundunar da ta biyo ta tsakar gida, majina da hawaye ko'ina. Ta yi murmushi, ta ɗan rusuna, ta danƙa masa ɗan lukutin a kan farar shaddarsa.

"Alhamdulillahi, mai kaya ya iso. Ga su nan arba'in da biyu, ranka ya daɗe, a lallashe su. Amma a fara da wannan, ya jiƙa wando."