Ranar da Na Nutsar da Baba a Allon Majigi

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da na nutsar da mahaifina a gaban manyan Azare ba. Har sau uku kuwa.

Lokacin na gama karatun kwamfuta a jami'a ke nan, shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun talaka. Aikina na kammalawa wasan kwamfuta ne: masunci a kwalekwale yana jefa taru, yana kauce wa kututturan da ruwa ya kwaso. Malaminmu ya yaba, kaina ya kumbura (ko gaisuwa da ƙyar nake amsawa). Sai ga labari wasu attajiran kasuwar Azare za su buɗe cibiyar koya wa matasa irin wannan sana'a, suna neman wanda zai riƙe ta. Aka ce in zo in nuna abin da na iya.

Ba cibiyar ce ta fi damuna ba, Baba ne. Masunci ne a Katagum, da kogi ya yi ta fama har na yi digiri, amma duk sanda aka tambaye shi me ɗansa ya karanta, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wai wasa." So nake ko sau ɗaya ya yi alfahari da ni. Don haka na yi abin da na ɗauka girmamawa ce: na ɗauko hotonsa na fasfo, na ɗora fuskarsa a kan masuncin, har da hularsa. Ban shawarci kowa ba (mai basira irina ina shi ina shawara?).

Ranar, Baba ya biyo motar safe da babbar rigarsa ta Juma'a, aka zaunar da shi a gaba. Aka tayar da janareta, majigi ya haska bango, sai ga Baba a kwalekwale. Ɗaki ya ɗauka da "Masha Allah!" Na saci kallonsa, na ga yana murmushi yana gyara zama. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan mintin ba.

Da na tsaya nan da na tsira. Amma sai na roƙi babba a cikin attajiran, wani Alhaji dillalin hatsi, ya gwada da hannunsa. Mutumin da bai taɓa danna kwamfuta ba! Nan take ya maka kwalekwalen da kututture. Ya kife, fuskar Baba ta yi ƙasa a hankali, kumfa na tashi, ga wani ɗan kiɗan tsokana da ni na zaɓa da kaina.

Babu wanda ya yi dariya. Wani dattijo a baya ya ce, "Inna lillahi."

"Ba komai, Alhaji, rai uku gare shi!" in ji ni, har da fara'ata. Baba ya sake ɓullowa, Alhaji ya sake kifar da shi. Kafin in kai hannu in kashe, na uku ma ya tafi.

Alhaji ya ture kujera ya miƙe. "Kai yaro, mahaifinka na zaune da ransa kake masa wannan mugun fata? Kuma da hannuna?" Ya juya wurin Baba. "Malam, don Allah ka yafe ni."

"Ba komai, Alhaji," in ji Baba, idonsa a ƙasa. "Yarinta ce."

Maganar ba ni cibiya a nan ta mutu, wani aka ba.

Na raka Baba tasha. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Sai da ya sa ƙafa ɗaya a mota ya waiwayo.

"Yayana da ka ci sunansa, haka nasa kwalekwalen ya kife. Ina bakin gaɓa ina kallo." Ya shiga ya zauna. "Shi bai sake ɓullowa ba."

Na san ya rasu kafin a haife ni, amma ban taɓa tambayar yadda aka yi ba. A tashar nan na tsuguna na yi kuka da kwat ɗina, 'yan acaɓa na kallo.

Yau kwamfuta nake koyarwa a wata sakandare. Duk ɗalibin da ya zo mini da zanen garinsu yana rawar kai, nakan ce ya koma gida ya zauna gaban tsofaffi ya yi tambaya tukuna. Ni shekara huɗu na yi har na iya zana kogi da kumfarsa, ban san wa ya ci a gidanmu ba.