Yadda Tawali'u Ya Kusa Rufe Mana Coci

Ranar Litinin ɗin makon jiya na kwashe awa huɗu a kan wani benci mai ƙafa uku da rabi, a ƙofar ofishin Mai Girma Babban Ma'aunin Ikilisiyoyi, ina jiran ya fito daga taro. Sakatariyarsa ta ce taro ne a kan yadda za a rage yawan taruka. Sau uku tana cewa in je in dawo, sau uku ina gyara zama. Ni da na yi shekara huɗu a jami'a ina bin layin ruwa da bokiti, ba benci ne zai kore ni ba.

Ga abin da ya kai ni. Wata biyu da suka wuce, manyanmu na can sama suka aiko tawaga ta auna ƙarfin cocinmu, ta kuma gano inda muke bukatar girma. Mota uku, mutum tara, da takarda mai tambaya sittin. Mu kuwa in kowa ya zo, har da na goye, saba'in ne. Aka ce kowa ya ba kansa maki daga ɗaya zuwa biyar, biyar ce mafi kyau. Bayani ya fita sarai, kowa ya gane.

Abin da tawaga ba ta sani ba shi ne, shekara ashirin Fastonmu yana mana wa'azi ɗaya tak: tawali'u. A cocinmu in ka ce wa mace waƙarta ta yi daɗi, haƙuri za ta ba ka.

Ina kusa da Kakata a benci na huɗu, inda kwanon rufi yake yoyo, na ga ta zo tambayar ziyartar marasa lafiya ta ba kanta ɗaya.

Na ce, "Kaka, ke da masu gadin asibiti suke zaton a can kike aiki?"

Ta ce, "Akwai wata Talata da ban je ba, 'yar nan."

"Ai ranar ke aka kwantar!"

"To, kuma sai da yamma na leƙa ta gadon kusa da ni. Wannan ziyara ce?"

Tela, shugaban mawaƙanmu, ya duba bai ga gurbin sifiri ba, sai ya zana shi da kansa ya cika. Fasto ya ba kansa ɗaya daga sama har ƙasa, ya rubuta neman gafara a bayan takardar. Ni kaɗai na jera biyar-biyar, har a tambayar wurin ajiye motoci. Ba mu da mota ko ɗaya, amma fili kam Allah ya ba mu. Daga baya na ji an jefar da takardata, wai ba ta yi kama da na jama'a ba.

Rahoto ya fito da bango mai sheƙi, shafi arba'in, talatin daga ciki hotunan tawaga ne tana sauka daga mota. Allah ya saka musu, sun sha wahalar murmushi. Hukunci kuwa layi biyu ne: cocinmu ya fi kowane rauni, a rufe shi ƙarshen wata, a haɗe mu da babban coci na can ƙetaren gari, inda sai ka hau mota biyu.

Kaka ko matakalar gidanmu sai na riƙe ta. Da aka karanta hukuncin, ta ce, "In manya sun faɗa, ai sun fi mu sani." Sannan ta ɗauki robar da take tarar yoyo da ita shekara da shekaru, ta goge ta da gefen zaninta, ta sa a jaka. Wannan robar ce ta kai ni ofis.

Da Mai Girma ya gaji da ɓuya, aka shigar da ni.

Ya ce, "'Yata, ku kuka ba kanku ɗaya. Ni tarawa kawai na yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a cikin mutum tara akwai wanda ya tambayi ko tsohuwa ɗaya abin da take yi daga Litinin zuwa Asabar?"

"Tambayar baki ba ta cikin tsari."

"To gobe zan dawo da tabarma da filo."

Sakatariya ta raɗa masa wani abu, ina jin labarin awa huɗun ne. Sai fuskarsa ta washe, ya tuna sake awo yana nufin sake fita da mota uku. Ya ce Lahadi za su dawo, kuma daga ita babu ƙari.

Ranar Asabar na tara jama'a in koya musu yabon kai. Na ce, "Iyayena, ku maimaita: mu gwanaye ne!" Suka amsa baki ɗaya, "Allah ya gafarta mana!" Na sake, suka sake. Tela ma har da durƙusawa. Na zauna a bencin baya na dafe kai, sai na ji mai kitso tana yi wa ungozoma raɗa, tana nuna Kaka da baki.

"Ke, kin ji abin da tsohuwar can ta aikata? Sati uku tana wanke wa matar makaniki kaya tun da ta karye, ta hana a faɗa."

"Wannan kaɗan ne. Ai Tela da kike gani shiru-shiru, shi ya ɗinka wa marayun nan kayan makaranta, ya ce wai tsintarsu ya yi."

Na ɗago. Ashe babban ƙarfin cocinmu, wanda tambaya sittin ba ta gano ba, gulma ce. Mutanen nan ko za a yanka su ba za su yabi kansu ba, amma asirin maƙwabci ba ya kwana a cikinsu.

Ranar Lahadi, da aka raba takardu, na bi benci-benci na ce kowa ya rubuta sunan na kusa da shi, ya tona masa asiri iya saninsa. Tawaga ba ta lura ba, tana waje tana neman inda haske ya fi kyau. Jama'a, ban taɓa ganin biro yana gudu haka ba. Mai kitso ta nemi ƙarin takarda. Tela ya ga biyar ta yi wa Kaka kaɗan, ya zana gurbin bakwai.

Nan take Mai Girma ya tara, ya cire tabarau, ya sake tarawa. Ya miƙe ya ce tun da aka kafa ofishinsa bai taɓa ganin coci ya girma haka cikin wata biyu ba, wannan kuma albarkar rahotonsa na farko ce. Ba za a rufe mu ba. Sai dai tsari bai yarda a bar gurbin inda ake bukatar girma fayau ba, don haka ya rubuta: jama'ar nan su koyi tawali'u.

Sai da aka yi wa Fasto fifita.

Kaka ta fiddo robarta ta mayar ƙarƙashin yoyo, tana ta faɗa, wai in ta gano wanda ya kai maganar matar makaniki gaban manya, za su gamu. A cikin tambaya sittin, ko ɗaya babu ta kwanon rufi, don haka a hukumance ba ya yoyo.

Af, na manta. Takardata Kaka ce ta cika. Na leƙa kafin a karɓa: ɗaya ta ba ni daga sama har ƙasa. A can gindi ta zana nata gurbin, ta sa mai kitso ta rubuta mata "taurin kai", ta ba ni biyar. Na karɓa hannu biyu, ita ce biyar ta farko da Kaka ta taɓa ba wani a gidanmu.