Yadda Aka Yi Farautar Elk a Bagdadiyya

Ranar Talata da hantsi, Idris direba ya shiga wani otal a unguwar Bagdadiyya ta birnin Jidda rungume da kwali biyu na cingam, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Manya ne suka ce a kawo musu elk.

Ga yadda abin ya faro. Wani kwamiti ya sauka Jidda daga can gida, mutum goma sha huɗu, kowanne da ƙaramar jakar zuwa da niyyar sayen babbar jakar komawa. An rataya ƙyalle a ƙofar zaure ɗauke da sunan aikinsu: Taron Bita kan Daidaita Yawan Kerkeci da Tasirinsa ga Farautar Elk. Yankinsu rabonsa da kerkeci tun kafin a haifi shugaban kwamitin. Elk kuwa bai taɓa taka ƙasar ba. Jidda ma ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, amma tana da kasuwar zinariya, Makka kuma ba nisa. Saboda haka masu hangen nesa suka ga nan ne wurin da ya fi dacewa da batun. Allah ya ƙara basira.

Idris haifaffen unguwar Sa'alaba ne, nan cikin Jidda. Kakansa ya zo aikin Hajji a ƙafa, bai koma ba. Bakin Idris yana Hausa, kunnensa kuwa na Larabci ne. Da Sakataren Dindindin na Wucin Gadi ya kira shi a waya ya ce, "Gobe ka samo mana samfurin elk, mu gani da ido," abin da Idris ya ji shi ne ilk. A Jidda, ilk shi ne abin da ake taunawa.

"Na itace ko na kanti, ranka ya daɗe?"

"Kowanne ya samu. Amma mai lafiya."

Ya je kasuwar Balad ya sayo duka biyun.

Ba don daɗin tuƙi ya karɓi aikin jigilar mutanen nan ba. 'Yarsa Lujain ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a wata makaranta can gida, amma an ce sai ta kawo takardar shaidar asali daga garin kakan mahaifinta, da sa hannun wani babba da hatimi, kafin Lahadi. Idris bai taɓa ganin garin ba. Mai Girma Shugaban Kwamiti kuwa ɗan garin ne, kuma tun a filin jirgi ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙaramin abu. Ranar rufe taro." Takardar tana aljihun gaban rigar Idris, a cikin leda, ninki huɗu.

Ya ajiye kwalayen a kan babban tebur.

Mai wannan shafi ya yi karatu a ƙasar ƙanƙara, ya kuma taɓa ganin elk sau ɗaya ta tagar bas. Dabba ce da ta fi gwanki girma, ƙahonta kamar an dasa mata busasshiyar bishiya a ka. Ba ta shiga kwali. Amma a cikin mutum goma sha huɗun nan babu wanda ya san haka. Masanin da ya kwafo takardar taron daga intanet an bar shi a gida, domin kujerarsa ta jirgi ta dace da surukin Mai Girma.

Mai Girma ya buɗe kwali ɗaya, ya ɓare, ya jefa a baki. Ya tauna a hankali, irin taunar mai nazari.

"Wannan shi ne elk ɗin?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Wancan ɗayan na itace ne, ya fi tauri."

"Na daji ke nan," in ji Sakatare, yana rubutawa. "Wannan kuma na gida."

"Dama haka na yi zato," in ji Mai Ba da Shawara na Musamman kan Shawarwari. Sauran suka gyaɗa kai. Ashe kowa haka ya yi zato.

Aka shiga muhawara, baki cike. Wakilin maharba, wanda a iya sanin kowa dillalin filaye ne, ya miƙe ya ce kerkeci ya addabe su. Da can mutum yakan fita da safe ya dawo da elk cike da jaka, yanzu sai ya yini bai ga ko ɗaya ba. A rage kerkeci da rabi. Wakilin kare muhalli ya ce a'a, kerkeci ma halittar Allah ce, kuma idan aka kawar da shi elk zai yi yawa har ya riƙa manne wa mutane a takalmi. Aka tafa wa kowannensu daidai wa daida.

Sai Mai Girma ya juyo. "Bari mu ji daga ɗan ƙasa. Malam Idris, kerkeci yana cin elk?"

Idris ya taɓa aljihunsa. "Idan ya samu, ranka ya daɗe."

"Yana haɗiyewa?"

"Ban tsaya na gani ba."

"A rubuta: ana buƙatar ƙarin bincike. Akwai lokacin da elk yake ƙaranci?"

"Lokacin Hajji. Alhazai suna kwashewa."

"Farauta ba bisa ƙa'ida ba," in ji Sakatare, biro yana gudu.

Kafin azahar an zartar da ƙuduri uku: kowane maharbi kada ya wuce fakiti biyu a kaka, a hana farautar mai ɗanɗanon na'ana'a har sai ya hayayyafa, a kafa ƙaramin kwamiti da zai gano dalilin da ya sa na daji ya fi tauri. Daga nan aka ɗage zama don ziyarar gani da ido a shagunan agogo.

Bayan la'asar Idris ya koma gida, ya zauna a shagon shayin maƙwabcinsa Nuraddeen, Bahaushen Sudan, yana ba shi labari. Lujain ta kawo wa mahaifinta mabuɗin da ya manta, ta tsaya tana saurare. Ta danna wayarta, ta miƙa masa.

"Baba, shuf, duba nan. Wannan shi ne elk."

Idris ya daɗe yana kallon ƙahon.

"Wannan ai ko a bayan babbar mota sai an sare masa kai."

"Ka gaya musu gobe."

"Kada ka soma," in ji Nuraddeen, yana zuba shayi daga sama. "Ya Lujain, 'yata, takardarki an sa mata hannu?"

"Ba a sa ba, ammi."

"Halas, magana ta ƙare. To har zuwa lokacin, elk abin taunawa ne. Ni shekara talatin ina gaya wa kafilina, ubangidan da ke riƙe da takarduna, cewa ya iya Turanci."

"Amma za su kai rahoton ƙarya gida," in ji ta.

"Da rahoton gaskiya suka zo kaiwa?"

Lujain ta karɓi wayarta. "Wallahi aib ne, Baba."

Idris ya kurɓi shayinsa. Ya san aib ne. Ya kuma san Lahadi saura kwana biyar.

Laraba ranar ƙidayar kerkeci ce. Sakatare ya tambayi Idris inda ake samunsu, Idris ya ce bai taɓa gani ba. Aka tambaye shi sunan unguwarsu, ya faɗa. Aka tambayi ma'anarsa.

"Daga sunan yanyawa ne, ranka ya daɗe. Amma suna ne kawai."

"Yanyawa ai ƙanen kerkeci ne. Yalla, mu je."

Kalmar Larabci ɗaya da Sakatare ya koya ke nan, kuma ya more ta.

Suka zaga Sa'alaba a bas, gilasai a rufe, na'urar sanyi a ƙure, Mai Girma riƙe da madubin hangen nesa da bai cire wa murfi ba. An ga kyanwa tara, da akuya ɗaya a kan rufin gida, da wani tsoho da ya ɗaga musu hannu. Wakilin maharba ya ce rashin ganin kerkecin shi ne babbar shaidar wayonsa. Wakilin muhalli ya ce shaida ce cewa an kusa ƙarar da shi. Aka rubuta duka biyun. Rajistar ƙidaya dai, babban littafi mai baƙin bango, ta koma otal babu ko layi ɗaya a cikinta, abin kuma ya dami Mai Girma har ya kasa gama kifinsa.

Ranar Alhamis, kafin rufe taro, Idris ya kasa daurewa. Ya tari Sakatare a bakin lif, ya nuna masa hoton da Lujain ta tura masa.

"Ranka ya daɗe, kuskure na yi. Wannan ne elk."

Sakatare ya dubi hoton, ya dubi Idris, ya ci gaba da tauna.

"Kyakkyawar dabba. Malam Idris, rahoton nan an buga shi tun kafin mu taso. Kwanan wata kawai muka zo cikewa. Sai wannan rajista da ta tsaya mana a wuya."

Aka rufe taro da addu'a da hoto. Idris ya durƙusa gefen kujerar Mai Girma, ya warware ledarsa. Mai Girma ya karanta, ko ya yi kamar ya karanta, ya sa hannu mai faɗin rabin shafi.

"Saura hatimi, ranka ya daɗe. Sun ce dole."

"Sakatare, hatimi."

Sakatare ya laluba jaka. Hatimin ofis yana gida. Wanda aka zo da shi ɗaya ne, sabo fil, an sassaƙa shi musamman don wannan tafiya. Ya hura masa iska, ya danna a kan takardar Lujain. Zagaye ne, shuɗi, da rubutu a tsakiya: AN GANI, AN ƘIDAYA. LAMBA TA 001.

"Amma ranka ya daɗe..."

"Ƙa'ida ce, duk abin da hatimin nan ya hau sai ya shiga rajista," in ji Sakatare. Ya jawo littafin mai baƙin bango. Fuskar Mai Girma ta washe. Sakatare ya ɗaga biro. "Jinsi?"

Idris ya dubi sa hannun, ya dubi hatimin. Tawadar ba ta bushe ba.

"Mace."

"Shekaru?"

"Sha takwas."

"Tana cizo?"

"Da baki dai, ranka ya daɗe."

"Inda ta dosa?"

"Gida. Watan gobe, in sha Allahu."

"Ka ji ko," in ji Mai Girma, yana duban jama'arsa. "Hijira suke yi zuwa wajenmu. Wa ya ce kwamitin nan ba shi da aiki?"

A ranar Lujain ta tura hoton takardar. Makarantar ta amsa kafin Asabar: an karɓa, komai ya cika. Hatimi zagaye ne, shuɗi ne, ba wanda ya nemi ƙarin bayani. Ta ce wa mahaifinta ba za ta yi masa magana ba har kwana uku, ta kuma yi kwana ɗaya da rabi.

Masu cewa a rushe irin waɗannan kwamitoci su yi adalci. Mai wannan shafi ya daɗe yana karanta rahotannin manya, na rijiyoyi da na asibitoci da na buhunan taki, kuma wannan ne karo na farko da ya ga an ƙidaya abin da yake akwai.